Shekarar da Muka Sauke Jirgi

Duk hutun makaranta sai an turo mini ɗaliban jami'a wai su taya ni aiki. Kowannensu da ya ga koren maɓalli da jan maɓalli sai ya ce, "Kaftin, ai wasan da ke cikin wayata ya fi wannan wuya." Ba na musu da su. Buhun yashi nake nuna wa mutum, in ce ya ɗora a jirgi na farko ya dawo ya ɗauki wani. Kafin jiragen su cika bakinsa ya mutu, sai in samu damar yi masa bayani.

Sunana Shu'aibu, haifaffen unguwar Liman Abaji, amma a Keffi in ba ka ce Kaftin ba, ba mai nuna maka gidana. Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Wanda nake tuƙawa lilo ne: ginshiƙin ƙarfe a tsakiya, hannaye a samansa kamar na laima, kowane hannu da ƙaramin jirgi rataye da sarƙa. In ya ɗauki gudu jiragen su buɗe su yi sama, yara su yi ta ihu. A filin wasanmu akwai dawakin katako masu juyawa, akwai 'yan motoci, akwai wurin zamiya, amma ba yaron da ke cewa a kai shi filin wasa. Cewa yake a kai shi jirgi. Ku riƙe wannan kalma, domin a kanta muka kusa rasa filin ɗungurungum.

Ranar da na fara aiki, maigidana Baba Yohanna bai bari na taɓa maɓalli ba. Mutumin wajen Akwanga ne, Eggon, ya yi shekaru yana bin masu lilo gari-gari kafin ya zauna a Keffi. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, injin ma yau shi ne gobe ita ce. Sukudireba ya miƙo mini, ya ce in ɗora bakinta a kan giyabos, wato tukunyar haƙoran ƙarfen da ke rage gudun injin, in kafa ƙotar a kunnena.

"Me ka ji?"

"Ƙara, Baba."

"To. Gobe ma ka zo ka ji ƙara."

Haka na yi ta zuwa ina jin ƙara har na fara jin haushinsa, don abokaina da suka shiga gyaran babur tuni suka fara riƙe sifana. Wata safiya na ce masa yau akwai wani ƙis-ƙis a ƙarƙashin ƙarar da babu shi jiya. Bai yabe ni ba. Gwangwanin giris kawai ya turo mini da ƙafa, muka kwance muka tarar boris ɗaya ya fara cin kansa. Wannan giyabos ɗin shi ya ɗauko shi a akori-kura daga wani tsohon wurin haƙar kuza a wajen Jos, ya gina sauran jirgin a kansa da hannunsa. Ba a sayar da irinsa a kasuwa, ko da can ma ba don lilo aka ƙera shi ba.

Birki shi ne sana'ar, maɓalli ado ne. Na gane haka wata Sallah da aka ɗauke wuta jiragen na sama cike da yara. Birkinmu doguwar liba ce mai danna katako lulluɓe da robar taya a jikin wani zoben ƙarfe. In ka fizge ta, ginshiƙi zai tsaya amma jiragen ba za su tsaya ba, na baya ya daki na gaba. Taɓawa ake yi ana saki, ana taɓawa ana saki, har sarƙoƙi su sauko a hankali. Ni kuwa da na ji iyaye sun kwashe da salati, wasu na kiran Yesu, sai na kai hannu zan fizga. Baba ya riƙe mini gwiwar hannu, muka sauke su tare. Bayan yara sun watse ya ce, "Ɗan mutane ne a kai. Abin da ba ka san yadda ake tsayar da shi ba, kada ka tayar da shi." Kullum sai ya faɗi wannan, har mai sayar da gugguru a bakin ƙofa ta haddace.

Ya kuma hana ni kallon injin in ana juyawa. Injin da safe ake duba shi, da buhunan yashi a madadin yara, sannan mai tuƙi ya hau da kansa ya zaga. In an buɗe ƙofa, fuskoki ake kallo. Yaron da ke ihu lafiyarsa lau. Wanda ya yi tsit ya ƙanƙame ƙarfe, shi ne abin tsoro, don shi ne zai yi ƙoƙarin miƙewa. Iyaye kuwa kowa da irin tasa. Akwai uban da zai rantse ɗansa ya kai shekarun hawa alhali yaron ko magana bai iya ba. Akwai ma'aikacin Abuja mai tumbi da zai ce shi ma zai hau don ya riƙe 'yarsa, kai kuwa ka san sha'awa ce ke cinsa. Ranar Kirsimeti matan coci su ciko akori-kura daga Panda, su sa yara a layi kamar sojoji. Ranar Sallah yaran cikin gari su zo da sababbin takalma masu faɗowa daga sama, in yi ta tsinta ina neman masu su.

Mai filin, Madam Laraba, 'yar Panda ce, tsohuwar malamar firamare. Da mijinta ya rasu ta riƙe wurin ita kaɗai, ta kuma riƙe shi da kyau. Lokacin da Abuja ta tumbatsa ta malalo Mararaba da Masaka, kasuwarmu ta buɗe, mutanen da ba mu taɓa gani ba suka riƙa zuwa ranar Asabar. Sai dai jirgin ya tsufa. Baba Yohanna ya riga mu gidan gaskiya, ni nake ta faci, walda a kan walda. Na dami Madam a kan a sayi sabo, har in ta hango ni takan ce, "Malam Shu'aibu, in maganar jirgi ce ka juya."

Wata rana ita ta aiko kirana, na tarar da ita baki har kunne. Ɗanta Bulus, wanda ke aiki a Abuja, ya bugo waya. A gabana ya girma, ni na fara ɗora shi a jirgi yana kuka.

"Addu'arka ta karɓu," ta ce. "Bulus ya ce shi da abokansa za su sayi jirgi. Babba, mai ɗaukar mutum kusan hamsin, da sunan filinmu a jikinsa. Na ce masa Allah ya sa albarka, dama Kaftin ya hana ni barci."

"Hamsin, Madam? Ai gindin simintin nan ba zai ɗauka ba."

"To ka faɗaɗa mana. Ka sauke tsohon, a share wuri."

Sauke jirgi ya fi haɗa shi wuya, don notin da ya shekara yana shan ruwan sama ba ya jin lallashi. Na jiƙa su da baƙin mai, waɗanda suka ƙi na gasa su da wutar mai walda. Jirage na fara cirewa, sannan sarƙoƙi, sannan hannaye ɗaya nan ɗaya can don kada ginshiƙi ya karkata. Ƙananan jiragen na jera su a rumfa na rufe da tampol, zuciyata ba ta ba ni in rabu da su ba. Ginshiƙi da giyabos kuwa Madam ta ce sun tare hanya, aka kira Tanko mai gwangwan ya kwashe. Har yau in aka ce laifina ne ba na yarda. An ce mini jirgi na zuwa, a filin da kalmar jirgi ma'ana ɗaya gare ta tun kafin a haifi Bulus. Me zan yi tunani?

Muka zuba sabon siminti muka zauna jira. Bulus bai leƙo ba, yana ta kai-komo tsakanin Abuja da Legas. In Madam ta tambaye shi a waya sai ya ce ana kan maganar lasisi. Ta zo ta same ni tana mamaki. "Ka ji zamani, wai yanzu har lasisi ake yi wa jirgi." Wata rana ma ta ce in shirya, ta ji yana cewa za a tura matuƙa kwas. Na je gida na faɗa wa iyalina, har aka fara yi mini kallon mai tafiya.

Babbar Sallah ta same mu da fili fetal. Wannan ita ce shekarar da ba na son tunawa. Yara su zo da gudu, su tsaya a gaban simintin, su dube ni. "Kaftin, ina jirgi?" In ce yana hanya. Su ɗan hau dawaki don kada zuwan ya tashi a banza, su tafi, kuma ba sa dawowa. Mai gugguru ta kwashe kayanta ta koma bakin tasha. Masu share fili aka sallami rabinsu. Ni Kaftin na koma gyaran 'yan motoci da fentin shinge, ina sunkuyar da kai in na bi ta kasuwa.

Bayan Sallah da ɗan lokaci Bulus ya iso da wasu mutum biyu masu kwat, ma'aikatan banki, wai sun zo ganin fili. Ya shigo yana nuna musu wurare da hannu, har ya zo inda nake. Ya tsaya cak.

"Kawu Kaftin, ina jirgi?"

"Mun sauke shi. Naka muke jira. Ga gindin nan na faɗaɗa, in bai isa ba a ƙara."

Ya dubi simintin, ya dube ni, ya dubi uwarsa da ke tahowa.

"Mama, jirgin sama nake nufi. Na gaske. Mai tashi daga Legas ya sauka Abuja."

Madam ta nemi benci ta zauna.

Ba zan yi wa Bulus ƙarya ba, yaron ya yi tunani, kuma da ya fara bayani har ni na fara gyaɗa kai. Ya ce abin da ke kashe mu ba tsufan lilo ba ne, hanya ce. Mutum ya kwaso iyalinsa daga Abuja, gosulo, wato cunkoson motoci, ya riƙe shi a Nyanya da Mararaba har yara su gaji su yi barci, ba zai sake marmarin zuwa ba. Ya ce manyan wuraren wasa na duniya ba sa zama jiran baƙo, tunanin yadda za su ɗauko shi daga ƙofar gidansa suke yi. In jirgi namu ne, mai zuwa hutu daga Legas tun a sama zai fara ganin sunanmu, motarmu ta ɗauko shi daga filin jirgi, a gina masauki a nan. Abokansa sun kawo nasu kason, nasa kason shi ne filin nan, a jinginar da shi a banki.

Madam ta juyo gare ni. "Malam Shu'aibu, me ka gani?"

"Madam, ni ban san jirgin sama ba. Wanda na sani, mun sayar da cikinsa."

Sannan ta fara tambaya da muryar da take yi wa 'yan aji.

"Bulus, cikin ku wa ya taɓa gyara jirgin?"

"Akwai injiniyoyi, Mama, haya ake ɗaukarsu."

"In yana sama cike da 'ya'yan mutane, da sunan filin babanka a jikinsa, wani abu ya faru, wa zan kira ya tsayar?"

"Mama, ba haka ake yi ba. Ba lilo ba ne."

"Na ji ba lilo ba ne." Ta juya ga babban cikin masu kwat. "Ɗana, kai faɗa mini gaskiya. In jirgin bai kawo abin da ake zato ba, filin fa?"

Mutumin ya gyara tsayuwa. "Mama, gaskiya filin ne zai tsaya a madadinsa."

"To, madalla da ka faɗa. Ku zo ku ci abinci kafin ku kama hanya, akwai nisa."

Sun ci, sun tafi. Bulus bai ci ba. Yana shiga mota na ji yana cewa shi ya sa ba ma girma, kullum muna nan muna juyawa wuri ɗaya. Maganar ta yi wa Madam zafi, na gani a fuskarta. Da ƙurar motar ta kwanta ta ce mini, "Filin ya tsira. Saura jirgi. In Kirsimeti ta same mu haka, ko banki bai karɓa ba mun rufe."

Washegari na dira wurin Tanko mai gwangwan. Ginshiƙi tuni an yanka shi an loda a tirela, wannan bai dame ni ba, mai walda zai yi wani. Giyabos nake nema. Tanko ya yi ta sosa ƙeya, ya ce kayan wancan lokacin duk sun tafi kamfanin narka ƙarfe. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na tuna Baba Yohanna da ƙafarsa tana turo mini gwangwanin giris, na ji kamar shi na sayar. Har na miƙe zan tafi sai Tanko ya ce, "Tsaya, wata baƙar tukunya mai nauyin tsiya? Ai wannan ban loda ba. Wata mata ce ta saya, ta ce injin gurza rogo za a haɗa mata. Daga Panda take."

Na sami giyabos ɗin a bayan wani gida a Panda, fari fat da ƙullun rogo, yana aiki. Tun daga nesa na gane muryarsa. Matar, Saratu, ita ke gurza wa matan unguwar rogon garin kwaki, ga layin buhuna har bakin hanya. Na yi mata bayani, na kawo sunan Madam, ashe ma cocinsu ɗaya a da.

"Baba, na ji tausayinku," ta ce, "amma dubi layin nan. In na ba ka, matan nan su gurza da me? Da haƙori?"

Gaskiyarta ce. Na zaga Keffi, na je Mararaba, na rasa abin da zan ba ta a madadi. Abin da na samu ko ya yi mata girma ko ya yi gudu da yawa. Damina ta wuce, kaka ta shigo, ni ina ta yawo da ma'auni a aljihu.

Bulus ne ya warware ta. Ban san abin da ya shiga tsakaninsa da uwarsa ba, ban kuma tambaya ba. Wata Asabar na gan shi ya shigo ba kwat, ya ce, "Kawu, ba ni awon tukunyar nan da gudun da matar take so." Ya san wasu masu shigo da injinan gona a Abuja, wuraren da ni ko ƙofarsu ban sani ba. Bai daɗe ba ya dawo da sabon giyabos ƙarami a bayan motarsa, wanda dama don irin aikinta aka yi shi. Ni da shi muka je Panda muka haɗa mata. Da ta ga ya fi tsohon sauri kuma ba ya shan mai, ita da kanta ta kira maza suka ɗora mana namu a mota.

Haɗawar ta ci mu har jajibirin Kirsimeti. Na wanke ƙullun rogo daga kowane haƙori da kananzir, na canza boris, mai walda ya tsayar da sabon ginshiƙi a tsakiyar simintin da ya yi masa yawa. Har yau in kun lura za ku ga jirgin kamar yaro a cikin rigar yayansa. Bulus ya riƙe sarƙa, ya sha giris har gwiwar hannu. A nan ne ya ce mini ya yi magana da direbobin bas na Mararaba, su riƙa kwaso 'yan makaranta da sassafe kafin gosulo ya haɗu. "Motocinsu ne, Kawu, ba namu ba. Su kawo, mu juya." Wannan dabarar ita ke ciyar da mu har yanzu. Abokan nasa kuwa sun ci gaba ba da shi ba. Na ji jirginsu ya tashi na wani lokaci, daga baya ban ƙara jin labarinsa ba.

Safiyar Kirsimeti na ɗora buhunan yashi, na kafa sukudireba a kunne. Ƙarar nan ce dai, ba ƙis-ƙis. Na sauke buhuna, na hau na zaga ni kaɗai. Kafin in sauko labari ya bazu, yara sun cika bakin ƙofa suna "Jirgi ya dawo! Jirgi ya dawo!" Mai gugguru ma sai ga ta da tirenta kamar ba ita ta gudu ba.

Zan buɗe ƙofa ke nan Madam ta ce in dakata. Ta taho da kayan cocinta da ɗaurin ɗankwali, ta tattare zani ta shiga jirgi na farko. Duk shekarun nan ba ta taɓa hawa ba.

"Bulus, shiga na baya. Ba jirgi kake so ba?"

Ya shiga, gwiwoyinsa har haɓa. Na danna kore. Jiragen suka buɗe, suka yi sama, yaran bakin ƙofa suka kaure da sowa. Idona na kan fuskarta. Ba ta ihu, ta yi tsit, ta ƙanƙame ƙarfe. Ana tsakiyar gudu ta ɗaga hannu.

"Kaftin, tsayar!"

Na kashe, na kama liba, ina taɓawa ina saki, ina taɓawa ina saki, har sarƙoƙi suka sauko, ƙafarta ta taɓa siminti. Na ruga in kama ta.

"Madam, lafiya? Jiri ne?"

Ta ture hannuna, ta gyara ɗankwali.

"Wa ya ce maka sauka zan yi? So nake in ga ko yana tsayawa." Ta waiwaya ta dubi ɗanta, shi kuma ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. "To, ya tsaya. Tayar mana."

Na koma wurina na sauke ajiyar zuciyar da na riƙe tun Sallah. Na danna kore, hannuna ɗaya a kan birki.